Yadda Ake Ƙidayar Itatuwan Gona da Fitar da Lissafinsu a Kwamfuta

Wannan bayani na ɗalibin ilimin tsirrai ne, ko na gandun daji, ko na aikin gona, wanda aka ce ya je ya gano irin itatuwan da ke gonakin wani ƙauye, da yawansu, da kuma ko suna ƙaruwa ko ƙarewa suke yi. A shekarar 2020 wasu masana ƙarƙashin Martin Brandt na Jami'ar Kofanhegan sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfuta suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel. Aiki ne babba, amma hoton sama ba ya gaya maka wannan gawo ne wancan darbejiya, kuma ba ya ganin tohon da bai wuce gwiwa ba. Wannan sai an taka da ƙafa, da tef a hannu.

Kayan aiki

Tef mai mita 50. Idan babu, a samu igiyar leda a ƙulla mata ƙulli a kowace mita 5, a riƙa gwada ta da tef na gaskiya duk safiya domin igiya tana miƙewa. Tef ɗin tela na auna kewayen itace. Sanda madaidaiciya da aka yanka daidai mita 1.3. Turaku huɗu da jan ƙyalle a kansu. Alli. Waya mai GPS da abin cajinta. Takardun cikewa da fensir. Kada ka yi amfani da biro, gumi da ruwa suna wanke shi. Almakashin yankan reshe, tsofaffin jaridu, kwali, falanki biyu da igiyar ɗaure su. Takalmi rufaffe mai kauri, saboda ƙarangiya da kububuwa.

Sai mutane. Aikin na mutum uku ne: mai awo, mai rubutu, da ɗan gari wanda ya san itatuwa. Na ukun nan ya fi duk kayan da na lissafa muhimmanci. Ka nemi dattijon manomi, ko maharbi, ko mai maganin gargajiya, kuma ka sa ladansa cikin kasafinka tun farko.

1. Tsayar da tambaya da iyakar wuri

Kafin ka fita, rubuta tambayarka a jumla ɗaya. "Nazarin itatuwan ƙauye kaza" ba tambaya ba ce. "Shin gonakin da ke kusa da gari sun fi na nesa yawan itatuwa da ire-irensu?" ita ce tambaya, domin ta nuna maka me za ka kwatanta da me. Daga nan ka buɗe Google Earth ka zagaye wurin da layi, ka raba shi rukuni-rukuni gwargwadon tambayar: jigawa da fadama, ko gonakin bayan gari da na daji, ko gona da makiyaya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. An cire amfani, ba za ka tattaka wa kowa shuka ba, yawancin itatuwa da sauran ganye a jikinsu, kuma ba a fara sharar gona ba balle a sassabe ƙananan. Wanda ya jira sai bazara zai tarar an share tohon, kuka ta zama tsirara, ya dawo da lissafin da bai kai rabin gaskiya ba.

2. Neman izini

Ka fara da dagaci ko mai unguwa, da takarda daga makarantarku. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, itatuwa muka zo ƙirgawa, ba gona muka zo aunawa ba." Jumlar ƙarshen nan wajibi ce. Baƙo da tef da turaku a gonar mutum, abin da zai fara zuwa zuciyarsa shi ne gwamnati za ta yanka filaye, ko malaman daji sun zo kama masu sara. Idan wannan zato ya shiga gari, ba wanda zai sake gaya maka gaskiyar wanda ya sare me. Ka kuma tambayi inda ba a zuwa saboda tsaro, ka cire shi daga taswirarka tun a nan, ka rubuta cewa ka cire.

3. Zaɓen filayen awo

A nan yawancin ayyuka suke lalacewa, tun ba a auna itace ko ɗaya ba. Ba za ka iya ƙirga duk itatuwan ƙauye ba, don haka za ka auna ƙananan filaye ka ce su ne wakilan sauran. Idan ka bar idonka ya zaɓa, inda itatuwa suka yi kyau zai kai ka, ƙafarka kuma ta kai ka inda akwai inuwa kusa da hanya. Sakamakon zai nuna ƙauyen ya fi yadda yake itatuwa, kuma babu lissafin da zai gyara wannan daga baya.

Maganinsa ƙuri'a. A manhajar QGIS, wadda kyauta ce, akwai umarnin da ke watsa ɗigo-ɗigo barkatai a cikin iyakar da ka zana. Ka ɗauki lambobin kowane ɗigo ka sa a waya. Idan babu kwamfuta, buga taswirar a takarda, ja mata layuka ta zama gida-gida, ba kowane gida lamba, rubuta lambobin a guntayen takarda, zuba a hula, wani ya ɗebo. Hanya ta uku ita ce ka ja layi daga bakin gari zuwa daji ka kafa fili a kowace mita 200, ba tare da duba abin da ke wurin ba.

Inda ƙuri'a ta faɗa, nan za ka auna. Idan ka isa ka tarar fayau babu ko tsinke, filin yana nan a lissafi, ka rubuta sifili. Sai dai idan ta faɗa a maƙabarta ko cikin gida ko tsakiyar tafki. Don irin haka ake zaro ƙarin lambobi biyar na ajiya tun daga gida.

A gonaki itatuwa a warwatse suke, saboda haka fili ya zama mita 50 tsawo 50 faɗi, wato kwatan hekta. A kurmi ko gandun daji mai duhu, 20 da 20 ya isa. A ganina ƙasa da fili goma a kowane rukuni ba ya ba da abin dogaro. Ashirin ko talatin ya fi, idan aljihu zai ɗauka.

4. Kafa fili

Kafa turke na farko a kan ɗigon, ka ɗauki lambar GPS bayan ka tsaya minti ɗaya ko biyu wayar ta natsu. Ja tef zuwa arewa mita 50. Domin kusurwa ta miƙe, yi dabarar magina: mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, tsakaninsu ya zama mita 5 cif. Idan ka gama kusurwa huɗu, auna daga wata kusurwa zuwa kishiyarta. Ya kamata ka samu kusan mita 70.7.

Idan ku biyu ne kawai, fili mai da'ira ya fi sauƙi. Turke ɗaya a tsakiya, igiya mai mita 17.84, mutum ɗaya ya zagaya da ita. Abin da ta share kashi ɗaya ne cikin goma na hekta. Itacen da ya faɗo a kan iyaka kuwa, a duba tsakiyar gindinsa: idan tana ciki a ƙirga, idan tana waje a bar shi, ko da rassansa sun rufe rabin filin.

5. Awon manyan itatuwa

Ƙa'idar da ake bi ita ce a auna kaurin itace a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Jingina sandarka a jikinsa, zagaya tef ɗin tela daidai kanta, ka tabbatar bai karkace ba kuma bai murɗe ta baya ba, ka faɗi lambar da ƙarfi, mai rubutu ya maimaita. Sannan ka ja masa alli don kada a auna shi sau biyu. Abin da kake rubutawa kewaye ne a santimita. Kada ka tsaya mayar da shi faɗin ganga a rana. Kwamfuta za ta yi. Duk wanda kewayensa ya kai santimita 16, wato faɗin gangarsa ya kai 5, babba ne a wannan lissafi.

Itatuwan gona ba sa tsayawa sambal yadda ake zana su a aji. Wanda ya rabu biyu ƙasa da sandar, a auna kowane reshe daban, a ba su lamba ɗaya da harafi: 7a, 7b. Wanda ya rabu sama da sandar, awo ɗaya ne. Wanda ya karkata, a kwantar da sandar a jikinsa ta bi karkatar. A kan gangare a tsaya ta gefen tudu. Idan akwai ƙullutu ko tabon sassaƙa daidai wurin awo, kamar yadda ake yawan gani a jikin maɗaci saboda masu ɗibar ɓawo, a matsa sama kaɗan a rubuta cewa an matsa. Kuka ta fi ƙarfin tef ɗin tela, sai babban tef da mutum biyu. Kafin ku rungume ta ku ɗaga kai ku duba kogonta da rassanta, ƙudan zuma na son wurin.

Idan ana bukatar tsawo kuma babu na'ura, samu kara mai tsawon hannunka, daga ido zuwa dunƙule. Riƙe shi tsaye da hannu a miƙe, ka ja da baya har kan karan ya dace da ƙololuwar itacen, gindinsa ya dace da gindin itacen. Tazarar da ke tsakaninka da itacen ita ce kusan tsawonsa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kawai wannan ke aiki.

Ka ƙara gurbi na halin itace: lafiyayye, an yi masa sassabe, an sassaƙe ɓawo, ya bushe. Hattara da gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, akasin sauran. Ɗalibin da ya fita a watan Agusta yakan rubuta gawo goma "matattu" alhali lafiyarsu ƙalau. Idan kana shakka, kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce. In ka ga kore, da ransa.

6. Ƙirga ƙanana

Wannan mataki ne ake tsallakewa saboda gajiya, kuma shi ne mai gaya maka makomar gonar. A kusurwar turken farko ka ware mita 10 da 10, ka durƙusa ka ƙirga duk abin da bai kai santimita 16 ba. Sabara da kalgo da geza sukan fito da tsiro goma ko ashirin daga kututture ɗaya. Kututturen za ka ƙirga ɗaya, ka rubuta yawan tsiron a gefe. Ka bambanta wanda ya tsiro daga iri da wanda ya toho daga tsohuwar saiwa, ka kuma nuna wanda manomi ya gyara ya bari da gangan. Irin wannan renon toho ne manoman Maraɗi da Damagaram suka runguma tun shekarun 1980, har aka kiyasta ya mayar da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Wanda ya ƙirga manya kaɗai a irin waɗannan gonaki a farkon lamarin, da cewa zai yi babu abin da ke faruwa.

7. Tabbatar da suna

Rubuta sunan da ɗan gari ya faɗa, yadda ya faɗe shi. Sunan kimiyya gurbinsa daban, kuma ba a cike shi da ka. Wasu ba su da rikici: kuka Adansonia digitata ce, ɗorawa Parkia biglobosa, aduwa Balanites aegyptiaca, tsamiya Tamarindus indica, kanya Diospyros mespiliformis, gawo Faidherbia albida. Wasu kuwa tarko ne. Kalgo yana iya zama Piliostigma reticulatum ko Piliostigma thonningii. Magarya da kurna 'yan gida ɗaya ne, Ziziphus, kuma suna rikita baƙo idan ba 'ya'ya. Dangin ɓaure, su ceɗiya da durumi da gamji, duk Ficus ne amma kowa da nasa suna. Darbejiya kuma wani gari dogon yaro za a ce maka, wani maina, wani bedi, sai ka ɗauka itace huɗu ne alhali ɗaya ne.

Duk wanda ba ka tabbatar ba, yanki reshe mai tsawon da zai shiga jarida, da ganye, da fure ko 'ya'ya idan akwai. Shimfiɗa shi cikin jarida, ka kifar da ganye ɗaya ko biyu don a ga bayansu, rubuta lamba a jikin jaridar da fensir, ka rubuta lambar nan a takardar awo. Jera su da kwali a tsakani, falanki sama da ƙasa, ɗaure tam. A canza jarida kullum har su bushe, in ba haka ba su yi funfuna. Iskar hunturu tana taimakawa ƙwarai. Ɗauki hoton ɓawo da ƙaya da siffar itacen gaba ɗaya, tunda su ba sa shiga jarida. Sai ka kai ma'adanar busassun tsirrai, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, a gwada da nasu. Manhajar waya mai gane tsiro daga hoto tana iya ba ka hasashe, amma ban yarda a sa hasashenta a rahoto ba.

A ƙarshe duba kowane suna a shafin Plants of the World Online na lambun Kew, domin sunaye suna canzawa. Bagaruwa da tsofaffin littattafai ke kira Acacia nilotica yanzu Vachellia nilotica ce.

8. Shigar da bayanai

A shigar a daren ranar da aka auna, tun kana tuna ko wancan 1 ne ko 7. Ka ɗauki hoton kowace takarda kafin komai.

A Excel ko LibreOffice, kowace ganga da aka auna layinta ɗaya a kwance. A tsaye kuma: lambar fili, rukuni, lambar itace, sunan gida, sunan kimiyya, kewaye, tsawo, hali, ƙarin bayani. Kada a haɗe gidaje, kada a bar layi fanko don ado, kada a rubuta "cm" kusa da lamba, kada launi ya zama shi ne bayani. A buɗe shafi na biyu na filaye: lamba, GPS, girma, rana, irin ƙasa. A nan filayen da babu itace suke samun wurin zama, tunda a shafin farko ba su da layi. Mantawa da su shi ke kumbura matsakaici.

Suna ɗaya, rubutu ɗaya. Idan ka rubuta "gawo" yau, "gao" gobe, jibi "gawo" da tazara a bayansa, manhajar lissafi iri uku za ta ƙirga. Ka adana fayil a tsarin CSV na UTF-8 don kada ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe. Masu aiki da abokai a Nijar su lura: kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take sawa a inda ta Najeriya ke sa ɗigo, 12,5 maimakon 12.5, kuma haɗa fayilolin biyu ba gyara yana mayar da lamba rubutu. Wanda yake so ya huta da kwafe takarda zai iya tsara fom a KoboToolbox ya cike a waya ko babu intanet, amma ya riƙe takarda a jaka saboda caji.

Kafin lissafi, jera kewaye daga ƙarami zuwa babba ka dubi bakin biyu. Sabara mai kewayen 450 ba sabara ba ce, 45.0 ce ɗigo ya faɗi. Ajiye asalin fayil kada ka taɓa shi, ka yi gyara a kwafi.

9. Lissafi

Faɗin ganga: raba kewaye da 3.1416. Kewaye 157 ya ba da 50. Faɗin gindi, wato girman fuskar kututturen da za a gani da an yanke gangar a wurin awo, a murabba'in mita: ninka wannan lamba da kanta, sannan da 0.00007854, na 50 ya zama 0.196. Yawa a hekta: a filin kwatan hekta, ninka adadin itatuwa da 4. A nan 7a da 7b itace ɗaya ne, amma a faɗin gindi kowanne da nasa, sai a tara.

Ka yi wannan fili-fili, sannan ka ɗauki matsakaicin filayen kowane rukuni da umarnin AVERAGE na Excel, da bambancin da ke tsakaninsu da STDEV.S. Abin da ka zaɓa da ƙuri'a fili ne, ba itace ba, don haka idan za ka gwada rukuni biyu, adadin samfurinka shi ne yawan filaye. Mai fili 10 da itace 400 samfuri 10 gare shi.

Sai yalwar iri, da ma'aunin Shannon, wanda ya samo asali daga aikin Claude Shannon na 1948. Ga misali na koyo. A ce ka samu itace 40: gawo 20, darbejiya 10, aduwa 6, kuka 4. Kason kowanne shi ne 0.5, 0.25, 0.15, 0.10. Ninka kowane kaso da LN ɗinsa, wato abin da umarnin LN na Excel ya ba ka a kansa: za ka samu 0.347, 0.347, 0.285, 0.230, duk da alamar ɗebewa. Tara su ka cire alamar: 1.21. Lambar ita kaɗai ba ta faɗa wa kowa komai, shi ya sa nake son a sa ta cikin umarnin EXP, kishiyar LN. Ta ba da 3.35, ma'ana gonakin kamar masu iri uku da ɗoriya ne da suka yi daidai wa daida, duk da iri huɗu aka gani, saboda gawo ya rinjaya. Kada a gwada Shannon na wuri mai fili 30 da na mai fili 8. Wanda aka fi aunawa zai fi nuna iri.

Mai son manhajar lissafi ta R ya sauke ƙunshinta mai suna vegan, ya shirya jadawali inda kowane fili ke da layi, kowane iri ke da gurbi, da sifili inda babu. Umarnin diversity zai ba da Shannon na kowane fili, specnumber ya ba da yawan iri, specaccum kuma, tare da plot, ya zana yadda sababbin iri ke ƙaruwa da ƙaruwar filaye. Idan layin zanen ya kwanta, filayenka sun kusa isa. Idan har ƙarshe hawa yake, akwai itatuwan da ba ka gamu da su ba, sai ka ƙara filaye ko ka faɗi haka a rahoto.

Zanen da ya fi kowanne amfani shi ne na rukunin kauri. Kasa faɗin ganga 5 zuwa 15, 15 zuwa 25, haka har sama, ka zana sanduna, kowane muhimmin iri da nasa zanen, da ƙananan mataki na 6 a gefe. Iri mai ƙanana da yawa, manya kaɗan, yana maye gurbin kansa. Irin da ka ga duk ƙatti ne, babu na tsakiya babu toho, kamar yadda ake yawan samu da ɗorawa da kuka a gonakin da garma da awaki ba sa ɗaga wa tsiro ƙafa, yana nan ne kawai har tsofaffin su faɗi. Idan ka haɗa duk ire-iren a zane ɗaya, tohon sabara da darbejiya zai rufe wannan giɓi, ka ga kamar komai lafiya.

A rahoto ka faɗi girman fili, yawansu, yadda aka zaɓe su, ƙaramin kaurin da ka fara aunawa daga kansa, watan da aka yi aikin, wuraren da ka cire, da ma'adanar da ta tabbatar da sunaye. Lambobin GPS su shiga rataye, a tsarin WGS84 da GPS ke amfani da shi, domin wanda zai zo bayan shekara biyar ya sake auna filayen nan. Ka buga shafi ɗaya da Hausa, mai sunayen itatuwan da ka samu da waɗanda ba su da ƙanana, ka kai wa dagaci da dattijon da ya raka ka.